Yadda muke karɓar mai shan giya a asibiti, da amsar da muke ba mai cewa "kaɗan fa?"

Yawancin masu shan giya da ke zuwa asibiti a Arewa ba da maganar giya suke shigowa ba. Wani hawan jini ne ya kawo shi, wanda ya ƙi jin magani. Wani zafin ciki da ƙwarnafi, wani rashin barci, wani kuma 'yan'uwa ne suka ɗauko shi ranga-ranga bayan ya faɗi yana jijjiga, suna cewa iska ce ta buge shi. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, inda Hisbah ke fasa kwalabe a bainar jama'a, da wuya magidanci ya buɗe baki ya ce yana sha, balle a gaban matarsa ko ƙaninsa da ya rako shi. Saboda haka abin da muke fara yi shi ne mu roƙi 'yan rakiya su ɗan jira a waje, mu rufe ƙofa, mu shaida masa cewa abin da zai faɗa tsakaninsa da likita ne.

Ba ma tambayar "kana shan giya?", domin amsarta a'a ce kusan kullum. Muna jero abubuwa ne a tare: goro, taba, shisha, maganin tari, maganin gargajiya, sannan mu ce, "Malam, a mako kwana nawa kake ɗan taɓawa?" Idan ya ce jefi-jefi, sai mu kai lissafin sama da gangan: "A zama ɗaya kwalba shida, ko ta fi haka?" Mutum ya fi samun sauƙin cewa "a'a likita, uku dai" a kan ya fara ambaton adadi da bakinsa. Akwai tambayar da ba ma tsallakewa, wato ta bitas da sauran jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a leda ko ƙaramar roba a tashoshin mota da sunan maganin basir, ciwon baya ko ƙarfin maza. Da yawansu barasar da ke ciki ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Direba ko ɗan acaɓa zai rantse maka bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma a zuciyarsa gaskiya yake faɗa, alhali yana tsotse leda biyar kafin azahar. NAFDAC ta sanar da haramta barasar leda da ta robobin da ba su kai mililita 200 ba a farkon 2024, amma ba su ɓace daga tasha ba.

Hukuncin addini a bayyane yake ga Musulmi, kuma majinyacin ya san shi tun yana makarantar allo. Ba wa'azi ne ya kawo shi wurinmu ba, kuma mun lura wanda aka fara da yi wa faɗa ba ya dawowa. Haka nan ba Musulmi kaɗai muke gani ba. Akwai manomin da burukutu ke cikin rayuwar garinsu a kudancin Kaduna, Filato, Adamawa ko Taraba, akwai sojan da ke zama a kasuwar bariki, akwai ɗan kasuwar Sabon Gari. Aikin ɗaya ne a kan kowa.

Bayan mun samu adadi, sai mu mayar da shi giram. "Kwalba biyu" ba ta gaya mana komai sai mun san girman kwalbar da ƙarfin abin da ke ciki. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: yawan mililita sau kason barasar da aka rubuta a jikin kwalba, sau 0.79, domin barasa ta fi ruwa rashin nauyi. Babbar kwalbar giya ta Najeriya mililita 600 ce. Idan ƙarfinta kashi 5 ne, akwai kusan giram 24 na tsantsar barasa a ciki. Babbar kwalbar Guinness da ake yi a Najeriya kashi 7.5 ce, wato kusan giram 35. Leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 tana da giram 9 da rabi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi a matsayin "sha ɗaya" giram 10 ne. Ke nan wanda ya ce mana kwalba biyu kawai yake sha da yamma, a ma'aunin likita ya yi sha biyar, idan Guinness ce kuma ya yi bakwai. Yawanci a nan fuskar majinyaci ke canzawa.

Burukutu da bammi sun fi wahalar lissafi, tunda ba a rubuta komai a jikin ƙwarya. Mukan ɗauka tsakanin kashi 3 zuwa 6 ne, mu kuma tuna cewa suna ci gaba da tsami suna ƙara ƙarfi, ta yamma ta fi ta safe. Lita ɗaya mai kashi 4 giram 32 ce, kuma a ranar kasuwa ba a tsayawa a lita ɗaya. Ogogoro da goskolo, barasa masu ƙarfi da ake haɗawa a gida, kuwa ko mai dafa su bai san ƙarfinsu ba.

Hantar babban mutum tana iya sarrafa kusan giram 7 zuwa 10 ne a awa. Wanka da ruwan sanyi, kofi, farfesu mai yaji, duk ba sa ƙara mata sauri. Wanda ya sha manyan kwalabe uku, wato giram 70 da ɗoriya, ya tashi daga zama ƙarfe goma sha ɗaya na dare, idan ya ɗauki fasinja da asuba akwai sauran barasa a jininsa ko da shi yana jin ya wartsake. Direbobi mukan tsaya mu yi musu wannan lissafin a kan takarda su gani da idonsu.

Daga nan sai tambayoyi goma na AUDIT, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Uku na farko a kan yawan sha ne, uku na biye a kan alamun kamuwa, wato jiki ya saba har ba ya iya rabuwa da giya: ko yakan kasa tsayawa idan ya fara, ko sha ya hana shi wani aikin da ya wajaba, ko yakan buƙaci ya sha da safe kafin jikinsa ya daidaita. Huɗu na ƙarshe a kan illa ne: nadama, mantuwar abin da ya faru daren jiya, rauni, da ko wani ya taɓa yi masa magana. Maki daga 0 zuwa 40 ne. Daga 8 akwai haɗari, 16 zuwa 19 illa ta riga ta fara, 20 zuwa sama kuwa mai yiwuwa jiki ya kamu. A cikin goman, tambayar shan safe ta fi kowace nauyi a wurinmu, domin ita ke gaya mana ko mutumin zai iya dainawa a gida ko sai an kwantar da shi.

A gwajin jiki muna sa shi ya miƙa hannuwansa ya buɗe yatsu mu ga ko suna karkarwa. Muna duba farin ido saboda shawara, tafin hannu ko ya yi ja, ƙirjin namiji ko ya fara tasawa kamar nono, ciki ko ya tara ruwa, ƙafafu ko sun kumbura, da girman hanta da saifa. Muna auna jini da bugun zuciya, mu taɓa tafin ƙafa mu ji ko jijiyoyi sun fara mutuwa, abin da majinyata ke kwatantawa da "kamar ina taka auduga" ko "ƙafata na ci da wuta da dare". A gwajin jini kuwa muna neman sinadaran hanta. Idan sinadarin AST ya ninka na ALT sau biyu ko fiye, wannan ya fi kama da aikin barasa a kan aikin ƙwayar cuta. Wani sinadarin hantar, GGT, yakan hau, jajayen ƙwayoyin jini sukan yi girma fiye da ƙima, ƙwayoyin daskarar da jini sukan ragu. Muna ƙarawa da sukari, aikin ƙoda, da gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau, sannan hoton ciki. Abu ɗaya da muke jaddada wa kowa: gwajin hanta ya fito lafiya ba ya nufin hantar lafiya take. Akwai masu hantar da ta riga ta ƙanƙance amma sinadaransu ba su nuna komai ba, don sauran naman da zai fitar da su ya yi kaɗan.

A daidai nan ne tambayar take zuwa, kuma kusan kowa sai ya yi ta: "To likita, idan na rage fa? An ce kaɗan-kaɗan ma magani ne ga zuciya."

Maganar tana da asali. Shekaru da dama bincike a Turai da Amurka yana nuna cewa masu sha ɗaya ko biyu a rana sun fi waɗanda ba sa sha ko kaɗan tsawon rai. Daga baya aka gano inda kuskuren yake. A rukunin "marasa sha" an cusa mutanen da suka daina saboda rashin lafiya, da tsofaffin mashaya da likita ya hana, da waɗanda dama ba su da lafiyar sha. Idan ka auna mai ƙoshin lafiya da ke shan kofi ɗaya da rukunin da ke cike da majinyata, dole ya fito kamar giyar ce ta taimake shi. Ga shi kuma masu shan kaɗan a waɗancan ƙasashe galibi masu hali ne, masu cin mai kyau da ganin likita a kan kari. A 2023 an sake tattara bincike 107 da suka ƙunshi mutum fiye da miliyan huɗu, aka gyara waɗannan kurakurai, sai fa'idar ta ɓace. Kafin nan, a 2019, wani bincike a ƙasar Sin a kan mutum kusan rabin miliyan ya bi ta wata hanya daban. A gabashin Asiya mutane da yawa sun gaji ƙwayar halittar da ke sa fuskarsu ta yi ja su ji amai idan sun sha, don haka ba sa iya sha da yawa ko da suna so. Da aka raba mutane bisa wannan gadon, ba bisa abin da suka faɗa da bakinsu ba, sai aka ga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne kai tsaye da yawan sha, babu wani mataki da giya ke ba da kariya daga shanyewar jiki.

A ɓangaren ciwon daji kuma dama ba a taɓa samun wata fa'ida ba. Tun 1988 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, rukunin da taba ke ciki. Dalilin a fili yake. Hanta tana mayar da barasa wani sinadari mai suna asetaldihaid kafin ta mayar da shi abu marar illa, kuma wannan sinadarin yana lalata ƙwayar halitta ya hana ta gyara kanta. Ƙwayoyin cutar da ke baki da hanji su ma suna yin wannan aikin, shi ya sa illar ke farawa tun daga inda giyar ta fara taɓawa. Aƙalla daji iri bakwai aka tabbatar: na baki, maƙogwaro, maƙoshin murya, bututun abinci, hanta, babban hanji, da nonon mata. Na nono haɗarinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari ga kowane giram 10 da mace ke sha kullum. Wanda ya haɗa da taba kuwa haɗarin dajin baki da maƙogwaro ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake. Kuma ba ruwan jiki da ko giyar ta kwalba mai tsada ce ko ta tukunya, sinadarin ɗaya ne. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da za a iya cewa ba shi da illa ga lafiya. Rahotonta na 2024 ya ɗora mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 a kan barasa, kusan miliyan biyu daga ciki maza ne.

Ba ma ƙara wa maganar gishiri. Haɗarin wanda ke shan kwalba ɗaya a mako ƙarami ne, ba a haɗa shi da na mai shan huɗu kullum, kuma duk wanda ya rage ya rage wa kansa haɗari. Abin da ba za mu ce ba shi ne "wannan adadin lafiya ne". Ƙasashen da ke ba da ƙa'ida su ma ba haka suke cewa ba. Ingila tun 2016 ta ce kada a wuce giram 112 a mako ga mace da namiji, wato bai kai manyan kwalabenmu biyar ba, kuma ta kira shi "ƙaramin haɗari" ne. Shawarar da aka fitar a Kanada a 2023 ta sauko da ƙaramin haɗarin zuwa sha biyu a mako, kusan giram 27, babbar kwalba ɗaya da 'yar kurɓa.

A ganinmu ma waɗannan ƙa'idojin ba a kan hantar mutanenmu aka yanka su ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ƙara da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, wadda ita ma hanta take ci. Hantar da ke fama da waɗannan biyun, aka zuba mata barasa, tana saurin kai wa ga ƙanƙancewa da daji, kuma shi ya sa muke ganin dajin hanta a jikin 'yan shekara talatin da arba'in. Don haka ba ma tattauna "kaɗan" da kowa sai sakamakon gwajin hanta ya fito. Idan yana da B ko C, amsar ko ɗigo. Haka mai ciki ko mai neman ciki, domin barasa na ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma illar ba ta gyaruwa. Haka mai farfaɗiya, mai gyambon ciki, wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, mai shan maganin tarin fuka, mai shan Flagyl, da duk mai shan tiramadol, kodin ko maganin barci, tunda haɗa su da giya na iya tsayar da numfashi cikin barci. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan maganin gilbenkilamaid kuma giya na hana hantarsa sakin sukari, sai ya faɗi cikin dare a ɗauka maye ne a bar shi ya "yi barci". Wanda ya taɓa kamuwa ya daina shi ma ba ma buɗe masa ƙofar kaɗan.

Sai ɓangaren da ya fi kowane haɗari, wanda iyalai ba su cika sani ba. Mutumin da jikinsa ya kamu, idan ya daina dare ɗaya, yana iya mutuwa. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta shekara ana danne ta takan ƙara ƙarfin nata aikin don ta daidaita. Kamar mutum biyu ne ke tura ƙofa ɗaya ta ciki da ta waje, idan ɗaya ya janye ba zato sai ɗayan ya kifa. Awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe karkarwa ke farawa, da gumi, tashin zuciya, fargaba da bugun zuciya. Tsakanin awa 12 zuwa 48 jijjiga na iya zuwa, wasu kuma su fara ganin ƙwari ko macizai a bango ko jin ana kiran sunansu. Mafi muni yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: ruɗewa gaba ɗaya, zazzaɓi, jini ya hau, mutum bai san inda yake ba yana fizge-fizge. Wannan matakin yana kisa idan ba a yi magani ba. Shi ya sa muke sa ido a kan wanda aka kwantar don tiyata ko karaya ya rikice a kwana na uku, da wanda aka tsare a ofishin 'yan sanda, da wanda ya yi niyyar tuba ya yanke sha a daren farko na azumi, da wanda dangi suka kulle a ɗaki ko suka kai gidan mari. Niyyar mai kyau ce, hanyar ce ke kashewa.

Muna barin mutum ya daina a gida ne kawai idan bai taɓa jijjiga ko ruɗewa a baya ba, ba shi da wata babbar cuta, ba ya haɗawa da ƙwaya, akwai babban mutum da zai zauna da shi dare da rana, kuma zai iya zuwa mu gan shi kullum a kwanakin farko. Maganin shi ne diyazefam, mai kwantar da jijiyoyi, yawanci miligiram 10 sau huɗu a rana a farko, ana ragewa kullum har a tsayar cikin kwana biyar zuwa bakwai. A hannun mai jinya muke ba da shi, na kwana ɗaya ko biyu, ba a hannun majinyaci ba, kuma ba abin da za a je kemis a saya a gwada ba ne, domin shi ma yana kama jiki, haɗa shi da giya kuma na iya kisa. Duk wanda bai cika waɗannan sharuɗɗan ba gado muke ba shi.

A gado muna auna shi da ma'aunin CIWA-Ar, mai abubuwa goma: amai, karkarwa, gumi, fargaba, rashin natsuwa, ciwon kai, jin abu na yawo a fata, jin sauti, gane-gane, da sanin wuri da lokaci. Makinsa mafi girma 67 ne. Ƙasa da 10 sau da yawa sa ido ya isa, sama da 15 abu ya yi tsanani. A nan muna ba da diyazefam miligiram 10 zuwa 20 duk bayan awa ɗaya ko biyu, har sai ya natsu yana gyangyaɗi amma ana kiransa yana amsawa. Idan hanta ta lalace ko tsoho ne, lorazefam muke zaɓa, saboda diyazefam yana taruwa a jikin mai ciwon hanta ya jefa shi doguwar suma. Kowa yana samun bitamin B1, wato tiyamin, aƙalla miligiram 100 kullum. Wanda ya rame, ko yake tangaɗi, ko idonsa ke rawa, ko ya ruɗe, ta jijiya muke ba shi mai yawa, har miligiram 500 sau biyu ko uku a rana na kwana uku zuwa biyar.

Kurakuran da ake yi a wannan matakin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Na farko, a ɗaura wa mashayi ƙarin ruwa mai sukari ba tare da tiyamin ba. Jikinsa dama ya ƙarar da bitamin ɗin, sukarin kuma sai ya cinye ɗan ragowar, ƙwaƙwalwa ta samu raunin da ke barin mutum ba ya iya riƙe sabon abu har ƙarshen rayuwarsa. Idan sukarinsa ya faɗi ba a jira, ana ba da su ne tare. Na biyu, a ga zazzaɓi da ruɗewa, gwajin maleriya ya nuna akwai, a tsaya a nan. A damina rabin unguwa gwajin zai nuna akwai. Na uku kishiyarsa ne, a ji warin giya a ɗora komai a kanta, alhali mutumin ya faɗi kwana uku da suka wuce jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, ko sanƙarau ne, ko ciwon huhu. Na huɗu, a yi masa allurar Largactil, ta masu taɓin hankali, ita kaɗai don ya yi shiru, ita kuwa tana sauƙaƙa zuwan jijjiga. Sai mantawa da gishirin jini, musamman fotashiyam da magniziyam, waɗanda ƙarancinsu ke rikita bugun zuciya. Ɗaure majinyaci da igiya a gado ma yana ƙara masa firgita ne, ɗaki mai haske da fuskar wanda ya sani a kusa sun fi amfani.

Akwai wani hali daban da ba ma jira a kansa. Idan an kawo wanda ya sha ogogoro ko wani haɗin gida, bayan rabin yini ko yini guda ya fara cewa yana ganin hazo, ga ciwon ciki da numfashi sama-sama, muna zargin metanol ne, wata irin barasa mai guba, musamman idan abokan shansa su ma sun kwanta. Jiki na mayar da metanol wani asid da ke kashe jijiyar ido ya kuma gurɓata jini. Abin da ya faru ke nan a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015, inda gomman mutane suka mutu. Irin wannan majinyacin wurin da ke da injin wankin ƙoda ake garzayawa da shi.

Kafin sallama muna bi ta kan magungunan da ke aljihunsa. Farasitamol kada ya wuce giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Ibuprofen, dikulofenak da haɗe-haɗen maganin gajiya da ake ƙullawa a leda muna hana su, domin suna fasa jini a tumbi, ga mai ƙanƙantacciyar hanta kuma suna taɓa ƙoda. Aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko cikin dare ne, asibiti za a nufa.

Makonnin farko barci ba ya daidaita, kuma a nan mutane da yawa ke komawa. Muna gaya musu tun da wuri cewa zai ɗauki makonni, kuma ba ma ƙara diyazefam saboda shi. Muna tambayar baƙin ciki da tunanin kashe kai kai tsaye. A mako na huɗu zuwa na shida muna maimaita gwaji. Kitsen hanta yakan narke a wannan tsakanin, GGT ya sauko, hawan jini ya ragu har wani lokaci mu rage magani. Girman jajayen ƙwayoyin jini sai bayan wata biyu zuwa huɗu yake komawa daidai. Hantar da ta riga ta ƙanƙance ba ta komawa yadda take, amma dainawa na tsayar da ɓarnar ta ƙara shekaru, kuma irin wannan majinyacin hoton hanta yake yi duk wata shida don a kama daji da wuri.

Akwai magungunan rage sha'awar sha. Naltirekzon miligiram 50 ne a rana, amma ba a ba mai shan tiramadol ko kodin sai ya yi kwana bakwai zuwa goma bai taɓa su ba, in ba haka ba zai shiga mawuyacin hali nan take. Akamfurosat miligiram 666 ne sau uku a rana, ana rage shi idan ƙoda ba ta da ƙarfi. Samunsu a Arewa da wuya, ga tsada, don haka galibin aikin zama ne da tattaunawa: wace majalisa ce zai daina zama, wace hanya zai daina bi idan ya tashi daga aiki, wa zai riƙe kuɗi ranar albashi, wa zai kira idan abin ya motsa masa da magariba. Wanda makinsa na AUDIT ya kai 20, ko yake haɗawa da ƙwaya, ko yake da taɓin hankali, muna rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da shi, kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri ko na Dawanau a Kano.

Wanda bai kamu ba kuma ya ce shi ragewa zai yi, ba ma korarsa. Muna rubuta masa adadin giram na mako a bayan katinsa, ya riƙa rubuta abin da ya sha kullum, ya ware kwanakin da ba zai taɓa ba, ya bar na leda da duk abin da ba a san ƙarfinsa ba, kada ya sha da yunwa, kada ya tara na mako ya shanye ranar Asabar, kada ya hau mota ko babur. Bayan wata ɗaya ya dawo da takardar. Idan ya kasa tsayawa a adadin da shi da kansa ya yanka, sai mu sake yi masa tambayoyin nan goma, mu koma maganar dainawa gaba ɗaya.